Ranar da Yaya Ta Ƙi Taɓa Jikata

Ubangiji da ya ba mu aron Yaya ya aiko an karɓi abinsa, bayan an gama yankan acca. Ba ta yi doguwar jinya ba. Ta sha kununta da safe, ta yi wa jikoki faɗa a kan tsintsiya, ta ce a shimfiɗa mata tabarma a inuwar rumbu. Kafin rana ta take ta tafi.

Ni ba na kuka a gaban jama'a, kowa ya san haka. Saboda haka a gidan makoki aikina kallo ne, kuma na yi kallo.

Na ga 'yan zumuntar mata sun zo da ɗinkinsu iri ɗaya, da tulunan kiɗa da caki, suna waƙa tun daga bakin rafi. Na ga waɗanda suka fi kowa birgima a ƙasa, har da wadda ta yi shekara biyu ba ta leƙo ta gaishe ta ba. Ba zan faɗi ko wace ce ba, ta san kanta. Na ga wata tsohuwar Bahaushiya daga kasuwar Zonkwa, wadda Yaya take sayen man kaɗanya a wurinta tun muna da ƙarfi. Ba ta bi mu majami'a ba. Ta zauna a bakin ƙofa ta ja mayafinta, ta ce, "Allah ya ba ku haƙuri, Allah ya sa ta huta." Da za ta tashi sai ta kwance bakin zane ta ajiye curin man kaɗanya a ƙofar ɗakin. Na ce mata, "Hajiya, mai amfani da shi ta tafi." Ta ce, "Na sani. Hannuna ne bai sani ba."

Amma waɗanda na fi kallo su ne mazan nan da suka tsaya can gefe a gindin mangwaro. Manya manya, wani da gemu, wani da kakin soja, wani malamin makaranta da alƙalami a aljihu. Ba su yi kuka ba, ba su kuma iya haɗa ido da juna ba. Duk wanda na ga ya sunkuyar da kai yana murza hula, na san Yaya ta taɓa kifa shi a cinyarta yana tsirara yana tsala ihu.

Fasto ya yi wa'azi mai tsawo. Ya ce ita mai tawali'u ce. To, bai taɓa zama gida ɗaya da ita ba. Ya ce tana share majami'a, gaskiya ne. Da ya zo kan aikinta sai ya yi tari, ya ce, "Ta kuma taimaki yara ƙanana." Shi ke nan. Dattawa ma da suka tashi, kowa ya kewaye maganar kamar mai kewaye kashi a kan hanya. Mace ta yi rayuwarta duka tana sa hannu inda uwa ma take ƙyama, ranar binne ta kuma a ji kunyar faɗa? Ni na wuce shekarun kunya. Zan faɗa.

Yaya matar babban wan mijina ce. Ita ta karɓe ni ranar da aka kawo ni gidan nan, ita ta nuna mini murhu da hanyar rafi. Tun ranar take kirana Amarya, har na yi furfura, har haƙorana suka fara zuba. Sauran gari kuwa Kaka suke ce mata. 'Ya'yanta biyu ta binne suna ƙanana, ba ta sake samu ba. Ba ta yin zancen, ba a kuma yi mata.

Aikinta shi ne fitar baya. Waɗanda ba su yi goyo ba bari in gaya musu. Yaro zai yi ta gudawa, ko atini, ko ya tashi daga baƙon dauro ya rame, ko tarin shiƙa ya jijjiga shi. Wata rana ya tsuguna ya yi nishi, sai duburarsa ta zazzago waje, ja wur, kamar an juya hannun riga. Uwa ta ga wannan a karo na farko sai ta ɗora hannu a ka. Sai wata ta ce mata, "Daina ihu, kai wa Kaka."

Na kalle ta tana wannan aiki har ban san iyaka ba. Ba ta gaggawa. Sai ta wanke hannu da sabulu har gwiwa. Farcenta kullum a yanke yake, ko ranar Kirsimeti ba ta bari ya fito. Ta ɗebi man kaɗanya ta murza a tafi har ya narke ya yi ɗumi. Ta miƙe ƙafafu, ta kifa yaron a cinyarta, kansa ƙasa, gindinsa sama. Uwar kuwa sai ta kore ta. "Je ki ɗebo mini ruwa," ko da tulu cike yake. Ta ce uwa mai rawar jiki ita take ƙara wa yaro tsoro.

Sai ta fara masa waƙa da yarenmu, wata waƙar kunkuru mara kan gado da ita ta ƙirƙiro. Ba don ya yi shiru ba. Jira take. Yaro in ya tsala ihu dole ya ja numfashi, to a daidai wannan jan numfashin take dannawa a hankali da tsumma mai taushi, abin ya koma. Ta haɗe masa duwawu ta ɗaure da ƙyallen tsohon zane, ta buga masa ɗan tafi a baya ta ce, "Tashi, maigida, an rufe ƙofa."

In abin ya daɗe a waje ya kumbura, tana da ƙwayar sukari a cikin wani gwangwani. Ta daka ta barbaɗa, ta jira kumburin ya saki. Ta ce wata baturiyar mishan da take zuwa awon jarirai ce ta nuna mata tun da can. Yaran gida sun sha zagaya gwangwanin nan. Ba ta ɓoye shi. Sai dai ta ce, "Ɗauki mana. Ka san dai inda 'yan uwansa suke zuwa." Ba wanda ya taɓa ɗauka.

Komar da abin, a wurinta, shi ne ƙaramin aikin. Babban shi ne faɗan da za ta yi wa uwar. Lokacin da matan ma'aikatan reluwe suka kawo yayin fo, kwanon kashin yara, kowace yarinya ta sayo nata, a ɗora yaro a kai tun safe a tafi surfe, yana zaune yana nishi har a gama. Yaya ta tsani fo ɗin nan. "Kin dasa yaro kamar rogo," take cewa. "Jira kike ya yi saiwa?" Ta ce a ɗora shi a kan ƙafafun uwarsa yadda aka yi mana, ya gama a ɗauke shi. Sannan ta kama damtsen yaron ta ɗaga a gaban kowa. "Dubi. Fata da ƙashi. Me zai riƙe masa hanji? Addu'a?"

A kan wannan muka yi faɗanmu mafi girma.

A wajenmu ba a ba yaro ƙwai. Haka muka taso, an ce in ya saba da daɗinsa zai zama ɓarawo. Yaya ba ta yarda ba. Duk yaron da aka kawo mata ramamme sai ta dafa ƙwai ta murmushe masa a cikin fate. Wata shekara cuta ta share mata kaji, nawa suka tsira. Sai na ga kazata mai wake-wake tana kwanci a kan abin da bai kai rabin na jiya ba. Na zargi maciji, na zargi kare. Na zauna a bayan danga na sa ido. Sai ga babbar mace, uwar gida guda, ta durƙusa tana zura hannu a akurkina.

Na ce, "Yaya! Ashe ke ce macijin?"

Ko gezau ba ta yi ba. Ta miƙe da ƙwai a hannu ta ce, "Amarya, ke kike yin ƙwan ko kazar?"

"Ni nake ba ta tsaba."

"To ki gode wa Allah tsabarki ta sami aikin yi. Ɗan maƙwabciyarki sau uku ke nan ina mayar masa."

"Sai ki koya masa sata da ƙwan sata?"

"Gara ya rayu ya yi sata a kai shi gaban dattawa. Gawa ba ta tuba."

Muka yi kasuwa biyu ba ma magana. Har yau ina nan a kan bakana, ya kamata ta tambaye ni. Amma yaron ya yi ƙiba, abin bai sake fitowa ba, kuma shi ne mai alƙalami a aljihun nan da na gani a gindin mangwaro. Ban taɓa jin ya ɗauki ko allurar wani ba.

Abu ɗaya ne Yaya take gaba da shi fiye da fo, shi ne jirgin ƙasa. Layin dogo ya bi ta ƙasan gonarta. Tana sabon aure jirgi ya take mata akuya mai ciki, ta rantse a gaban mutane ƙafarta ba za ta taɓa shiga cikinsa ba. In ya yi kuka daga nesa sai ta tofar da yawu ta ce, "Abu da girmansa, bai iya kauce wa akuya ba." Wani mai bishara ya taɓa ce mata mai bi ba ya riƙe rantsuwa irin wannan. Ta ce, "Na yi ta tun kafin baftisma, ba ta shiga ruwan ba." Duk garin an san wannan, har yara suna tsokanarta da shi.

Yanzu na zo kan abin da ya sa ba zan iya yin shiru ba.

Shekarar da aka canja kuɗi zuwa naira, jikata, 'yar ɗana na fari, ba ta wuce shekara huɗu ba. Ni mai zagaya bayan rumbu ce da safe, inda yara suke tsugunawa, don a can ake sanin lafiyar gida. Sai na fara ganin jini. Ba irin na atini ba mai haɗe da majina. Ja ne sabo, a bisa kashi mai kyau. Na sa ido har na gane mai shi. Na kira uwarta.

"Tun yaushe?"

Ta sunkuyar da kai. "Tun shuka, Mama. Ba ta cewa ciwo. An ce mini zaƙi ne ya yi mata yawa, ina ba ta saiwa."

Na ja fatar idon yarinyar ƙasa. Fari fat. Tafin hannunta kamar an wanke da toka. Sai na tuna kwanan nan in yara suna guje-guje ita takan zauna a kan turmi tana kallo.

Ba a jima ba wata safiya abu ya leƙo mata. Uwar ta sungume ta ta nufi ɗakin Yaya, kusan da murna. "Kaka, ashe fitar baya ce kawai!" Mata suka taru a tsakar gida kamar kullum. Yaya ta wanke hannu, ta murza mai, ta kifa yarinyar. Ta duba. Ba ta fara waƙa ba.

"Amarya, zo da idon nan naki."

Na sunkuya. Wanda muka saba gani yana da faɗi, da zobe-zobe, da ƙofa a tsakiya. Wannan kuwa ɗan dunƙule ne kamar 'yar ɗinya, ja mai duhu, ba shi da ƙofa, yana rataye da ɗan siririn wuya. Ta taɓa shi da bakin tsumma kawai, jini ya ɓullo. Muna kallo ya sulale ya koma da kansa.

Yaya ta goge man a ƙwaurinta. Ta ja zane ta rufe yarinyar, ta miƙa wa uwar da hannu biyu. Ta ce, "Wannan ba irin nawa ba ne. A kai ta asibiti Kafanchan."

Sai wata ta ɗora hannu a ka.

Dole in bayyana, don 'yan baya. A wajenmu mai magani ba ya ce maka ɗanka zai mutu. In ya duba ya ga ba sauran dabara, sai ya rufe yaron ya miƙo maka da hannu biyu ya ce ka gwada asibiti. Kowa ya san fassarar wannan. Yaya da kanta ta taɓa yin haka ga yaran da aka kawo mata sun riga sun yi nisa, kuma ba su kwana biyu ba. Asibiti a lokacin wurin ban kwana ne, domin ba ma zuwa sai mun gama da kowa. Saboda haka abin da Yaya ta faɗa daban, abin da gida ya ji daban. Kafin la'asar maƙwabta sun fara shigowa da ƙaramar murya suna "sannunku, sai haƙuri." Yarinya kuwa tana zaune tana cin gyaɗa tana kallonsu.

Ɗana ya dawo daga gona ya tarar da matarsa tana birgima. Bai tambayi kowa ba. Ya yi abin da al'ada ta ce uba ya yi, ya ba wani mai tafiya kasuwa saƙo zuwa ga kawunnan yarinyar, can bayan Gidan Waya, cewa su shirya. Wannan ba mu sani ba sai daga baya.

Washegari da safe Yaya ta fito ta tarar ba wanda ya ɗaura kaya. Ta tsaya a ƙofar ɗana da sandarta.

"Kai. Me kuke jira?"

Ya fito idonsa ja. "Mama Babba, in tafiya ce, ta tafi a ɗakin uwarta. Ba zan kai ta ta mutu a hannun baƙi ba."

"Wa ya ce maka mutuwa za ta yi?"

"Ke kika rufe ta. Kowa ya gani."

"In bar ta tsirara a gaban mutane? Na ce ba irin nawa ba ne. Abu ne mai wuya kamar 'ya'yan itace, cike da jini. In na ja shi ya tsinke a ciki, da me zan tsayar? Da waƙa? Akwai masu fitila da almakashi, aikinsu ne."

"Haka aka ce da Baba. Da ƙafarsa ya dawo?"

Wannan ta soke ni, domin mijina yake nufi. Yaya ta juyo ta kalle ni, sannan ta koma kansa. "Ubanka mun kai shi ne bayan ya daina gane matarsa. Mu muka makara, ba su ba. Wannan tana cin gyaɗa. So kake mu jira ita ma ta daina gane ka?"

"Yanka ta za su yi."

"Su yanka. Ni na yanke maka cibiya da ɓawon kara, ga ka nan tsaye kana yi mini gardama."

Wasu suka yi dariya suka haɗiye. Shi bai yi ba. Ya tare ƙofa ya ce, "'Yata ce. Ban yarda ba."

"Ban tambaye ka ba." Ta jefar da sanda, ta sunkuya ta dafa gwiwa kamar budurwar da za ta yi goyo. "Amarya, ɗora mini ita."

Ɗan da na haifa a gefe guda, ita a gefe guda. Na shiga ta ƙarƙashin hannunsa na ɗauko yarinyar. Ya ce, "Mama, har da ke?" Na ce, "Kauce." Na ɗora ta a bayan tsohuwar nan, na ja zane na ɗaure.

Sai ya yi 'yar dariyar ɗaci. "To ku tafi. Motar kasuwa sai jibi. Da ƙafa za ku je?"

Yaya ta ce, "Jirgi yana wucewa kafin azahar."

Matar da ta fara ɗora hannu a ka jiya ta ce, "Kaka, jirgi fa kika ce?"

"Kunnenki lafiya."

Abin da bakinta ya kasa shigar musu, wannan ya shigar. Na ga fuskoki suna canjawa ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda zai karya rantsuwar da ya riƙe tun yana sabon aure don ya raka gawa. Uwar yarinyar ta share hawaye ta shiga haɗa tukunya da zannuwa. Muka kama hanyar tasha. Yaya tana tafiya tana haki, na ce ta ba ni in karɓa, ta ce, "Ki karɓa ya ce ban iya ba?" Da muka kai bakin titi na waiga, sai ga ɗana can baya, ƙunshin kayanmu a kansa, yana biye da mu.

A cikin jirgi Yaya ta zauna ta ƙanƙame benci da hannu biyu, ta ƙi kallon taga. Da ya motsa ta ce, "Yesu!" da ƙarfi har wani mai goro ya zabura. Yarinyar kuwa murna take, tana nuna shanu. Can ta juyo ta ce, "Kaka, kina tsoro?" Yaya ta ce, "Ni? Ina riƙe shi ne kada ya faɗi."

A asibiti wata nas gajera ta duba idon yarinyar ta balbale mu da faɗa, me ya sa muka zauna har jini ya ƙare. Na so in rama, Yaya ta taka mini ƙafa. "Bar ta. Gaskiyarta." Likitan saurayi ne daga kudu, Hausarsa ba ta fi ta Yaya ba. Ya sa safar hannu ya duba a hankali. Ya ce tsiro ne a cikin hanji, yana samun yara masu irin shekarunta, yawanci ba mugu ba ne, amma yana ɗiga jini kullum kamar tulu mai tsaga. Za a fara ba ta maganin ƙarin jini, sannan a sa ta barci a ɗaure wuyan a yanke. Sai ya ɗaga kai ya ce, "Ina uban yarinya?" Ɗana yana can jikin ƙofa. Sannan ya ajiye ƙunshin ya matso ya ce, "Ga ni. A yi."

Ranar aikin muka zauna a baranda. Uwar tana addu'a, ɗana yana safa da marwa, Yaya tana ɓarar gyaɗa tana tarawa a bakin zane ba ta ci. Ba mu jima da zama ba nas ta leƙo ta ce an gama. Yaya ta ce sai ta ga abin. Aka kawo mata a ɗan kwanon ƙarfe. Ta kai shi hasken rana ta juya shi da tsinke.

"Ɗan wannan abu ne ya so ya cinye mana yarinya?"

Ta tsare nas ɗin nan da tambaya da Hausarta ta kasuwa. Yana dawowa? Yana fitowa biyu? In bai leƙo ba fa, yaya mutum zai sani? Nas ta ce jini ja a kan kashi ba tare da gudawa ba, a kawo yaro kawai. Ta ƙara mata da cewa yaran da take mayar wa baya, da yawansu tsutsar ciki ce take sa su nishi, a riƙa aiko su karɓar magani. Yaya ta gyaɗa kai ta ce, "Wannan ban sani ba. Na gode, 'yata." Ni da na zauna da ita tun ina yarinya, ranar na fara jin ta ce ba ta san wani abu ba. Daga baya kuwa ta aika yara da yawa, kuma ba ta sake miƙa yaro da hannu biyu ba. Sai dai ta ce wa uwar yaron, "Saurara da kyau, ba mutuwa na ce ba."

Bayan 'yan kwanaki aka sallame mu. Muka sauka a tasha muka biyo hanyar gona, yarinyar tana gaba da burodi a hannu, ta ƙi yarda a goye ta. Tun daga nesa na ga hayaƙi bai tashi a gidanmu ba, na kuma hango baƙi zaune a ƙofar gida. Ɗana ya tsaya cak ya dafe goshi. Sai a lokacin ya faɗi zancen saƙon.

Kawunnan ne da matansu. Saƙo ya same su, suka ɗauko buhun wake da garwar manja, abincin makoki, suka shigo gari da kuka. 'Yan gida suka ce musu a'a, an tafi da ita asibiti. Su kuwa da jin asibiti sai suka ƙara sautin kukan, suka zauna jiran gawa.

Yarinyar ta ratsa tsakiyarsu ta tsaya a gaban babban kawun tana tauna. Ya kalle ta, ya kalle mu, ya sake kallonta. Wata daga cikin matan ta miƙa hannu ta taɓa mata ƙafa don ta tabbatar.

Yaya ta zauna a kan turmi tana mayar da numfashi. "Sannunku da zuwa, surukai. Kun sha hanya. Ga gawar taku, ku gaisa."

Aka yi kuka, aka yi dariya, aka yi guɗa. Ɗana ya durƙusa a gaban kawunnan yana ba da haƙuri. Da ƙura ta lafa babban kawun ya sosa ƙeya ya nuna buhun. "Kaka, to wannan fa? Kin san abin da aka ɗauko da sunan makoki ba ya komawa gida. Ba a kuma ajiye shi, kamar ana jiran wani ne."

"Wa ya ce a ajiye? Ku ɗora tukunya."

"A ci waken makoki ba makoki?"

"Kun yi kukan, ai mun jiyo ku tun daga tasha. Saura cin."

Aka ɗora babbar tukunya a tsakar gida, aka kira maƙwabta, har da masu "sai haƙuri". Wake ya nuna, aka kwarara manja. Ba a ba ƙananan yara abincin makoki, kowa ya sani. Yaya ta karɓi ludayi daga hannuna ta zuba na farko a ƙaramin kwano, ta hura, ta ajiye a gaban yarinyar. Wata tsohuwa ta buɗe baki za ta yi magana, Yaya ta kalle ta, ta rufe.

Jikata ta zauna a tsakiyar masu makokinta ta cinye tas, ta lashe yatsu, ta miƙa kwano ta ce, "Kaka, ƙara."

Yanzu tana aji uku a makarantar kyauta. Bakinta ya fi na kowa kaifi a gidan nan, ban san inda ta samo ba.

Yaya, na gode. Ubangiji ya karɓe ki da hannu mai ɗumi, ya ba ki hutun da ba ki taɓa ba kanki ba. Mu da muka rage, ya ba mu idon gani da ƙafar tashi tun yaro yana iya cewa a ƙara. Amin.